Na Ɓoye Takardar Likita, Ga Matata Tana Kumbura

Assalamu alaikum Edita da duk mai karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma ba na gaskiya ba ne. Roƙona ɗaya, ku kai ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin ma na riga ku, kwana uku ke nan ina yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don rai ne a ciki.

Ni akawu ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. A Kaduna na tashi, aiki ya dawo da ni nan. Matata, bari in kira ta Rabi, 'yar Tsiga ce, bara muka yi aure. Yarinya ce siririya tun asali, haka Allah ya yi ta, ko ta cinye tukunya ba a gani a jikinta. Ni kuma wannan abu ya tsaya mini a rai. In muka zauna cin tsire da abokai bayan an tashi aiki sai wani ya ce, “Akawu, wai biro kake dafa wa amaryar nan ne? Shekara guda ko kumatu babu.” A yi dariya, ni ma in yi, amma in koma gida ina kallon wuyanta ina jin haushi. Har na taɓa ce mata, “Ke dai kina kunyata ni a gari.” Wallahi na faɗa. Sai ta ƙara tuwo a kwanonta.

Da cikinta ya kai wata takwas na kai ta awo a kan Vespa, ina ta duba agogo don lokacin kaka ne, motocin auduga sun yi layi har bakin titi. Likitan mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “ina ciwo” ba. Ya auna ta, ya sake aunawa, ya ce ta jira a waje, ya tsayar da ni. Da Turanci ya yi mini bayani, kuma babu abin da ban gane ba. Ya ce jininta ya hau, zuciyarta tana wahala. A rage mata gishiri. In ta haihu kada ta sha kunun kanwa ko cokali ɗaya, kada a kwantar da ita a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, wanka kuma da ruwan ɗumi kawai. Ya kama hannuna ya danna da babban yatsansa, ya ce in na danna ƙafarta haka na ga rami ya zauna, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, to ranar nan zan kawo ta, ba washegari ba. Ya rubuta duka a takarda, ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya ce in kai wa iyayenta tunda can za ta haihu.

Na fito, Rabi tana zaune a benci tana fifita da gefen mayafi. Ta ce, “Malam, me ya ce?”

Na ce, “Ya ce lafiyarki lau. Ki dai riƙa cin abinci sosai.”

Me ya sa na faɗi haka? Na tambayi kaina ya fi a ƙirga. Wani ɓangare sauri ne, ina son in koma ofis. Wani ɓangare kuma na raina maganar, na ce a raina uwata ta sha kunun kanwa, kakata ta sha, wa ya mutu? Amma gaskiyar da nake jin kunyar rubutawa ita ce, ina jiran jegon nan. Kowa ya san maijego in ta yi arba'in a gida tana shan kunu tana cin ƙauri, takan dawo ta cika ta yi fes. Na riga na hango ranar da zan ɗauko ta in wuce ta gaban majalisarmu a hankali, in ga bakin da zai sake yi mini maganar biro. Na ninke takardar na cusa a aljihun rigar aiki. Sati biyu bayan haka aka zo aka tafi da ita goyon ciki. Ni da hannuna na sayi kanwa, mai kyau, jar nan, na haɗa da itace da kayan yaji na aika.

Ta haihu lafiya, namiji, aka yi suna. Sai na ce to ka gani, likita ya faɗi nasa, Allah ya yi nasa. Na shiga aiki ka'in da na'in, ban sake leƙa Tsiga ba sai ranar Lahadin nan da ta wuce, kwana ashirin da uku da haihuwa.

Rabi 'yar fari ce, don haka mahaifiyarta ba ta shiga sha'aninta, kunya. Kakarta ce ke yi mata komai, tsohuwar da kowa ke kira Iya. Ita ke dafa ruwan wanka a ƙatuwar tukunya safe da yamma, ita ke dama kunu, ita ke hura wutar gado. Ina shiga ta tare ni da guɗa.

“Ga angona, ga mai rowa! Shigo ka ga aikin tsofaffi. Ka kawo mana tsinke, za mu mayar maka da turmi.”

Na shiga ɗakin. Zafi ya buge ni kamar na leƙa tanderun burodi. Rabi tana zaune a bakin gadon ƙasa, an jera mata matashi uku a baya. Da farko, wallahi, daɗi na ji. Fuska ta cika, hannu ya cika. Sai na lura awarwaron da na saya mata, wanda da yake zamewa har gwiwar hannu, ya nutse cikin nama. Ta gaishe ni, “Sannu da zuwa, Malam,” sai da ta tsaya ta ja numfashi tsakanin sannu da zuwa. Iya ta fita ɗauko mini fura. Na durƙusa kamar zan gyara takalmi, na danna bayan ƙafarta da babban yatsa. Na ɗauke. Ramin ya zauna. Na tsaya ina kallonsa, ina jira ya cike, bai cike ba.

Na ce, “Kina samun barci kuwa?”

Ta ce, “A zaune. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji. Iya ta ce nono ne ke taruwa.” Ta yi ɗan tari, ta yi murmushi, ta miƙo mini hannunta. “Ka gani? Na yi ƙiba. Kunun nan ba ya mini daɗi, amma kullum sai na shanye ƙwarya biyu. Na ce ba zan koma Funtua in sake kunyata ka ba.”

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Kada ku ce ban gwada ba. Na fita na sami Iya a bakin murhu, na ce, “Iya, kunun nan a dakata da shi haka. Kanwa ba ta yi wa kowane jiki daɗi.” To kun san tsakanin mutum da kakar matarsa, duk abin da ya fito daga bakina wasa ne. Ta tafa hannu ta kira maƙwabciya ta kan katanga.

“Zo ki ji mai rowa! Kanwa ta kusa ƙarewa, ya ga za a ce ya ƙaro, shi ne ya zama likita. Kai ɗan boko, uwar matarka da wannan hannun na yi mata jego, ita da ƙannenta shida. Sanyi kake so ya shige ta ta ruɓe?”

Na ce, “Iya, ba wasa nake ba. Ƙafarta ta kumbura. Bari in kai ta asibiti a duba, yau ɗin nan in dawo da ita.”

Nan ta daina dariya. Ta ce, “Maijego a kan babur, kafin arba'in? Iska ta buge ta a hanya, wa za a ce ya kashe ta? Ba a gidan nan ba. In kana da magana, ga Malam can a zaure.”

Malam shi ne surukina. Tsohon malamin gona ne, ya yi aiki har Malumfashi da Musawa, yana karanta Turanci fiye da ni. Mutum ne mai gaskiya, kuma na tabbata in ya ga takardar likita da sa hannu, ko Iya za ta yi birgima a ƙasa sai ya sa an fito da 'yarsa a ranar. Na je zauren. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, kaina a ƙasa. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Ta yaya zan buɗe baki in yi masa maganar ƙafar 'yarsa da ƙirjinta? Takardar tana aljihuna, hannuna yana kanta. Sai na tuna kwanan watan da ke samanta. Wata biyu. Malam mutum ne da ba ya karanta takarda sai ya fara duba kwanan wata. Zai ɗago ya ce, “Tun yaushe wannan take hannunka?” In ce masa me? In ce tun kafin in aiko da kanwa?

Ya ce, “Ya aiki? An ce auduga ta yi kyau bana.”

Na ce, “Ta yi kyau, Baba.”

Ya ce, “Madalla. Mun gode da ɗawainiya, Allah ya yi albarka. Ba kowane yaro ke kula da iyali haka ba.”

Na ce amin. Na tashi na hau Vespa na dawo Funtua. Abin da na yi ke nan. Ina fita Iya ta leƙo ta ce in taho da wata kanwar ranar Juma'a.

Jiya na kasa haƙuri, na tare Bose, 'yar mai shagon atamfa da ke layinmu. Nas ce, a nan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Bakatsina. Na ce wani abokina ne matarsa ke jego, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya. Ko gama faɗa ban yi ba ta ajiye bokitin hannunta.

“Abokin naka yana da hankali kuwa? Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciya ce ta gaji. Irinsu nawa ake kawo mana daga ƙauye a bayan akori-kura, an makara. Ka ce masa ya ɗauko ta yau.” Ta dube ni sama da ƙasa. “Akawu, ya Rabi?”

Na ce tana lafiya. Ƙarya ta biyu ke nan, ko ta uku, na daina lissafi.

Tun daga nan ban iya aikin komai ba. Na buga takarda ɗaya sau huɗu a tafireta, manaja ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. Na yi tunanin in yage wurin kwanan watan, amma Malam ba yaro ba ne. Na yi tunanin in koma wurin likita ya rubuta sabuwa, to shi ma zai tambaye ni ina ta farko, kuma ba zai rubuta komai ba sai ya ga mara lafiya. Na yi tunanin in sami mota in je in ɗauko ta da ƙarfi, amma wa ke shiga gidan surukai ya fito da maijego ba da izinin maigida ba? Kowace hanya na bi, a zauren nan take ƙarewa, ni a durƙushe, takarda a hannun Malam.

Na san abin da zai iya biyo baya. Malam zai iya cewa in an sallame ta daga asibiti ba za ta koma gidana ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke kashe ni shi ne Rabi za ta ji. Za ta san ranar nan a benci, da ta ɗago ta tambaye ni, na san komai. Za ta san duk ƙwaryar da ta runtse ido ta shanye saboda ni, na san abin da ke ciki. Wace mace ce za ta sake cin abin da irin wannan miji ya miƙo mata?

Amma kuma saura kwana goma sha huɗu a yi arba'in, kuma kullum ƙwarya biyu ne, kullum wuta a ƙarƙashin gado. Yanzu haka da nake rubutun nan Iya ta ɗora tukunyar yamma.

Zan ba direban motar auduga wasiƙar nan ya kawo muku hannu da hannu, don gidan waya zai ɓata lokaci. Edita, in da hali a sa ta a fitowa ta gaba. Masu karatu, musamman iyaye maza masu surukai, ku gaya mini da wace kalma ake fara irin wannan magana. In tafi ni kaɗai, ko in nemi wani babba ya raka ni? In fara gaya wa Rabi, ko jin haka zai ƙara wa zuciyar tata nauyi? Kanwar da Iya ta ce in kawo ban saya ba, wannan kam na rantse. Takarda tana nan a aljihuna, ta yi laushi saboda gumi, amma kwanan watan yana nan raɗau. Juma'a jibi ce, kuma ban san ko Rabi tana da jibi ba.

Don girman Allah, me zan yi?