Tsalle daga jirgi, da neman izinin Yaya

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin naka? Yaya ƙafar? Ina fata Hajiya Babba da yara da mutanen Kano duk suna lafiya. Mu nan Makka a unguwar Ka'akiyya alhamdu lillahi, shagon unguwar Misfala ma yana tafiya.

Yaya, ƙaninka ya faɗo daga jirgin sama da laima, can wajen Jidda. Ɗan koyo ba ya fita shi kaɗai, ɗaure ni aka yi a ƙirjin malamin. Ni da ban taɓa jingina da kowa ba na kafa kaina! Aka buɗe ƙofa. Malamin ya ce, "Yalla ya Hajji," wato mu je, ya tura mu.

Wallahi a cikin iskar nan ba abin da na tuna sai soronmu na unguwar Tandabawi, da tarin yashin maginan nan. Ka tuna ina kuka a bakin katanga, ka kama hannuna ka ce, "Rufe ido, Bala," muka dira tare? Inna ta zane mu, muna dariya. Yau soron babu, Inna babu.

Ina so in shiga horon dira ni kaɗai, amma matata Zainabu ta rantse ba inda za ni sai da izininka, tunda kai ne uba yanzu. To, gani na tambaya. Kai ka fara koya mini, kada ka ce in sauko ta tsani.

A sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Bala