Madarar da Ke Ƙarƙashin Gadona

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar nan tana nan da halinta, yayanki yana ta fama da aiki, ƙaramarsa kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur. Tela maƙwabcina ne yake rubuta mini, kuma na gaya masa zan sa wani ya karanta mini kafin a aika, don kada ya ƙara gishiri.

Maganar madarar kwali ce, wadda kika sa mai shago yake kawo mini saboda likita ya ce ƙashina yana so. Allah ya yi miki albarka. To amma ki sani, ba duk abin da kike aikowa ne yake isa cikina ba. Ran nan na leƙa kicin na tarar da matar yayanki tana tsiyaye kwali guda a kwata. Da na tambaya, sai ta ce wai kwanan watan da aka buga a kansa ya wuce, ta nuna mini wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Na karɓa na shinshina, ban ji komai ba sai madara. Na tambaye ta wane ne wannan da yake zaune a kamfani ya san ranar mutuwar madara, alhali bai san ranar tasa ba. Ta yi dariya ta ce in yi haƙuri, haka ƙa'ida take.

Auta, ke ba ki tarar da kakarki ba, amma ni da shanunta na tashi. Har yanzu ina iya lissafa miki su da kamanninsu, da mai karyayyen ƙaho wadda ba ta yarda da hannun kowa sai nata. Tsohuwar nan ba ta taɓa zubar da madara ba. Takan shinshina, ta ɗiga a harshe, in tana shakka ta ɗora kaɗan a wuta. In ta tsinke, ta ajiye ta zama nono mu sha. Ba wanda ya mutu. Yau kuma a ce hancin da ya yi mini aiki tun kafin a haifi uban surukata, tawada ta fi shi sani?

Ruwa ba ya tsami banza. Sai na tuna ƙanwar surukata tana sayar da shayi a bakin titi, kuma takan zo nan da jaka ta fita da jaka. Wanda aka zubar a gabana na gani, sauran fa? Na kai wa tela kwali ya duba, ya ce lallai rana ta wuce, amma shi ne mai ɗinka mata kaya, me zai ce? Ga shi yana rubutawa yana murmushi. Mai kemis kuma ya ce wadda ba a buɗe ba takan ɗan wuce ranarta ba ta yi komai ba, amma da zarar an buɗe sai firji, kuma irin wannan da aka dafa a kamfani ba ta komawa nono, ruɓewa take yi. Rabin maganarsa ta farko na yarda da ita. Sauran, ai mai sayar da magani ba ya rasa abin tsoratarwa.

Don haka na kwashe kwalayena daga firji na mai da su ƙarƙashin gadona, inda idona yake. Na buɗe ɗaya ina sha a hankali har kwanaki. Sai cikina ya murɗa, na wuni ina zarya tsakanin ɗaki da bayi. Yayanki ya ce zafin ɗaki ne ya ɓata ta. Ni kuwa na ce a binciki wanda yake shiga yi mini shara. A gaban surukata na faɗa, ban yi ƙasa da murya ba. Ta ajiye tsintsiyar ta fita.

Tun ranar ba ta sake taka ɗakina ba. Takan gaishe ni daga bakin ƙofa, ta ajiye shayi a kan kujera ta juya. Da kuwa takan zauna ta shafa mini man zafi a gwiwa, ina ba ta labarin mutanen da, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta cewa ta taɓa ji. Yanzu labaran suna nan sun taru mini a baki, ba mai karɓa. Jiya na ji tana gaya wa yayanki za ta je gidansu ta kwana biyu, kuma akwatin da ta sauko da shi ba na kwana biyu ba ne.

Na yi gwaji na ƙarshe don in wanke madarata. Na zuba ragowar a murfi na ajiye wa kyanwar gidan. Ta shinshina, ta dube ni, ta yi tafiyarta. Amma kada ki manta wa yake ba ta abinci.

Abin da nake so da ke, ki kira matar yayanki. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma ke tana jin maganarki. Ki ce mata gwiwata ta kumbura, wannan gaskiya ne. Ki ce mata akwai labarin yadda kakarki ta kori ɓarawon shanu da muciya, ban taɓa ba ta shi ba. Kada ki ce ni na sa ki.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Dogo, da 'Yar Baba, da 'yan biyu masu rashin ji. Gwaggonki tana gaishe ki, tela ma ya ce in saka tasa.

Saura kwali ɗaya a ƙarƙashin gado, ya kumbura kamar kwaɗo. Ba zan sha ba, ba kuma zan zubar da hannuna ba. In surukata ta shigo shara ta gan shi, ta yi abin da ta ga dama da shi, ni zan juya fuskata bango.

Ni ne mahaifinki,
Baba