Motar Kara a Hanyar Gidanmu

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Yau a teburin mai shayi Abdulbasit mai gyaran waya ya nuna mana hoton wata ƙaramar mota da ake raɗe-raɗin za ta fito ƙarshen shekara. An lulluɓe ta da wani zane baƙi da fari kamar atamfa, wai don kada a gane siffarta. Ni kuwa na gane. Gajeriya ce mai tudu, ƙofar bayanta zuge ta ake yi, kuma wai kujera bakwai. Bakwai! Ni, Ramlat, yara huɗu, ga Inna. Sai ka ce ƙirga mu aka yi aka ƙera ta.

Malam Sama'ilu ya rantse ta lantarki ce. Na ce a nan ƙauyen namu? Da wace wutar? Muka yi ta musu har shayina ya huce. Na dawo gida ina murmushi ni kaɗai a kan babur.

Talata, 15 ga Afrilu

Wata kuma ta ɓullo, 'yar mitsitsiya mai kujera biyar, wai za ta yi aiki da gas. Nan take Abdulbasit ya koma bayanta, shi dama ba shi da alƙibla. Ni ina nan kan mai bakwai. Ba sabuwa nake hari ba, ina ni ina sabuwa? In ta fito ta sha yawonta a can shekara biyu ko uku, 'yar Beljiyam ɗinta za ta iso mana.

Ramlat na kan keken ɗinki ta ce, "Malam, motar da ko zanenta ba a yaye ba har ka zaɓa mata launi?" Na ce ruwan toka, ba ya nuna datti.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na kai Inna asibiti a Tofa saboda gwiwar nan. A kan babur, kamar kullum. Da muka dawo ta daɗe zaune a dakali kafin ta iya shiga gida. Raina bai yi daɗi ba.

Sai yau na dubi hanyarmu da idon mai mota. Daga bakin kwalta ba laifi, amma dab da gida ta matse: hagu katangar masallaci, dama gonar Usaini. Babur ne kawai ke bi.

Usaini. Rana ɗaya muka zo duniya, amma shekara uku ke nan babu abin da ke haɗa mu sai sallama a ƙofar masallaci. Tun rabon gonar Baba, kan bishiyar ɗorawa guda. Ya yi shekara ashirin yana jan motar hatsi daga Dawanau kafin ya dawo noma, ni kuma a gaban dattawa na ce masa direba bai san darajar ƙasa ba. Ya saka takalminsa ya tafi. Na so a ce ya zage ni.

Lahadi, 4 ga Mayu

Abdulbasit ya tono faɗin motar: santimita ɗari da saba'in, in ji masu hasashe. Na ari tef ɗin Ramlat, na zaro karan dawa mai ƙwari daga danga, na yanke shi daidai. Bayan sallar asuba na riƙe shi a gicciye a ƙirjina, na taho tun daga kwalta a hankali, ina lura da gefe da gefe.

Ko'ina na wuce lafiya sai wajen katanga. Can kara ya haye kunyar gonar Usaini ta ƙarshe, ya tsaya cif a bakinta. Kunya ɗaya ke nan. In ya bar min ita, mota ta shiga har ƙofa, Inna ta huta.

Na zaci ba kowa. Ashe ladan na zaune a gindin katanga yana lazimi, yana kallona tun daga nesa.

Litinin, 5 ga Mayu

Duk wanda na gamu da shi yau sai ya yi tsalle gefe ya ce, "A ba mota hanya!" Har ɗalibaina a makaranta sun ji.

Laraba, 14 ga Mayu

Sabon hoto ya fito, an ɗan yaye zanen, ana ganin fitila ɗaya. Fitila ɗaya tak, amma mun yi awa guda a kanta. Malam Sama'ilu ya sauko daga lantarki, yanzu ya ce mai da batir za ta haɗa. Mai shayi ya ce shi dai a tambayar masa ko buhun wake nawa bayanta zai ci in an kwantar da kujeru.

Muna cikin haka Usaini ya zo ya zauna can ƙarshen benci. Aka miƙa masa wayar, tunda tsohon direba ne. Ya duba, ya ce, "Ku bar kallon fitila. Ku tambayi tsayin cikinta daga ƙasa, damina na tafe." Ko inda nake bai kalla ba.

Na dawo na bincika. Gaskiyarsa ne. Abin ya ba ni haushi sosai.

Alhamis, 22 ga Mayu

Hadari kullum da yamma. Usaini ya gama watsa taki, an ce har ya yi magana da mai shanun huɗa. Da zarar ruwa ya sauka ya yi huɗa ya shuka, zance ya ƙare sai bayan kaka, don ba a cewa mutum ya tuge shukarsa.

Inna ta ce, "Hasan, ka auna hanya da kara, ka auna da tef. Bakinka fa, yaushe za ka gwada shi?" Na ce ina nazari ne. Ta ce to Allah ya ba da ilimi.

Da la'asar na daure na tafi gidan Usaini. Tun a hanya na shirya maganar tsaf. Na yi sallama, matarsa Safiyatu ta amsa daga zaure, sai na ji bakina yana tambaya ko sun ga akuyarmu. Akuyarmu kuwa na nan ɗaure a turke, ni na ba ta dusa da hannuna. Safiyatu ta ce ba su gani ba, amma in na shigo ma taya ni nema. Na ce ina sauri.

Litinin, 26 ga Mayu

An ɗage fitowar motar. Wai sai baɗi, wai kuma ba lallai a yi mai sitiyari a hagu ba, wato ba tamu ba ce. Abdulbasit har da yi min jaje.

Abin mamaki, sanyi na fara ji a raina: shi ke nan, ba sai na roƙi kowa ba. Daga baya kuma na rasa abin da ke min daɗi. Na jingine karan a bayan rumbu.

Asabar, 31 ga Mayu

Jiya bayan la'asar aka yi ruwa mai yawa. Da safe na ji mai shanu yana kora, na fito wai zan duba tayar babur. Usaini na gefen katanga, hannu a ƙugu. Ya ɗago ya ce, "Ina motar taka? Kawo ta."

Na zaci ba'a ce. Amma na je na ɗauko karan. Ya karɓa, ya shimfiɗa shi a ƙasa daga jikin katanga, ya girgiza kai.

"Wa ya yi maka wannan awon? Jikinta kawai ka auna. Madubin gefe fa? Ko cire su za ka riƙa yi kullum kana sakawa a aljihu? Kuma in ka manne da katanga, ta ina za ka juya?"

Ya ɗaga murya ya ce wa mai shanu ya bar kunya biyu. Biyu, ba ɗaya ba.

Na ce, "Usaini, motar fa an ɗage ta."

Ya ce, "Na ji. Wata za ta zo. Gwiwar Inna ai ba a ɗage ta ba."

Akwai maganar da na shekara uku ina juyawa, doguwa, mai gabatarwa da kammalawa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ashe direba ya san ƙasa." Ya dube ni, ya yi wannan dariyar ta Baba da ake ganin giɓi, ya miƙo min karana ya ce in yi fakin da kyau. Na shige gida da sauri don idona ya cika.

Talata, 10 ga Yuni

Tasin Abdussalam, direban ƙauyenmu, ta zo har ƙofar gida ta ɗauki Inna. Madubinta ya wuce katanga da kusan tafin hannu. Inna ta zauna a baya ta miƙe ƙafa tana ɗaga wa mutane hannu.

An ce wata sabuwa na tafe, mai kujera shida. Usaini ya zo bayan la'asar da wayarsa, wai ita ta fi dacewa da hanyarmu. Ban yarda ba ko kaɗan. Muka yi ta yi a dakali har aka kira magariba, Inna ta aiko da fura a ƙwarya ɗaya, ludayi biyu.

Ba wai wani abu ba ne, maganar mota kawai muke yi. Ya ce gobe ma zai zo, bai gama nuna min kuskurena a kan taya ba. Na ce wa Ramlat ta ƙara yawan furar.