Reshen da Na Hana Binta

Filinge, daren Talata, farkon damina

Maigidana Malam lafiya lau, yara ma haka. Ni ce dai raina ba daɗi.

Maƙwabciyata Binta ta shigo da marece riƙe da gwangwani cike da ƙasa. Reshe ɗaya take so daga furen nan mai haske da dare, wanda ɗana Sani ya kawo mini daga Turai, don ɗiyarta mai zazzaɓi tana tsoron duhu. Amma Sani ya gargaɗe ni: kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya hana a yanka a dasa, wai doka ce.

Na hana ta reshen, na ce ta ari tukunyar furen duka. Ta ce, "Yaya, ba aro na zo ba, iri na zo nema. Yaushe aka fara hana iri a ƙasarmu ta Kurfai?" Ta fita ba sallama.

Ita ta ba mu irin hatsi shekarar da fari ya ƙone namu.

Na aika wa Sani saƙon murya, ya tambayo mini mutanen kamfanin ko za su yarda in ba ta reshen, ya amsa kafin Juma'a. Ranar ce sunan jikan Binta, kuma ban san da wane ido zan shiga gidanta ba.