Inna Ta Sha Maganin Baba

Yaya,

Zan kai Inna asibiti, maƙwabci ya tafi fito da mota. Ɗazu da safe na same ta zaune a ƙasan kicin, ta jiƙe sharkaf da gumi, tana kirana da sunan marigayi Kawu. Ashe maganinta na hawan jini ya ƙare tun Lahadi, sai Baba ya riƙa ba ta nasa na ciwon suga. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi, "To ai duk farare ne, kuma shekara arba'in kwanonmu ɗaya." Kin ji babban likita. Ni kuma mai digiri biyu, ɗakina na jikin nasu, kwana huɗu ban lura ba.

Na ba ta ruwan suga ta ɗan haɗiya, amma har yanzu ba ta gane ni ba.

Baba ya ɓoye kwalin maganin, ya ƙi ba ni. Ki lallaɓa ki karɓa, ki biyo mu da shi, don likita zai tambayi sunansa. Kada ki yi masa faɗa. Yana bakin gado rungume da mayafinta.

Ki yi sauri, Yaya. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙaninki