Ruwan da Baba Ke Zuba wa Taksi

Litinin, 14 ga Afrilu 2025

Yau ma taksin Baba ta jiƙa ƙofar shagona. Ya sauke ni a kasuwar Wadata, ya kashe mota don ya gaisa da mai shayi, kafin ya dawo ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Masu amalanke har sun fara yi mini tsiya, wai motar gidanmu ba ta da tarbiyya. Na ce Baba, yoyo take yi. Ya ce tun ban zo duniya ba yake tuƙi, ba tela ce za ta koya masa ruwan mota ba. Motar nan ita ce ƙafarsa, ita ce mutuncinsa, ranar da bai fita da ita ba ko tuwo ba ya ci da kirki.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na bar ɗinkin mutane na tisa shi gaba zuwa garejin Baba Mijinyawa, abokinsa tun zamanin manyan motoci. Na je da shirin faɗa, don a raina bakanike ne ya yi aikin banza. Baba Mijinyawa ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya matsa wannan tiyo, ya leƙa wancan, ya ce ba inda ya huje. Da Baba ya tafi alwala sai ya yafito ni.

Ya nuna mini wata farar gorar roba a gefen radiyatar, bokal suke ce mata. Wai idan inji ya yi zafi ruwa kumbura yake yi, wurin ya yi masa kaɗan, sai ya ture bushon, wato marfin radiyatar, ya bi wani siririn tiyo ya sauka cikin gorar. Idan inji ya huce ya tsotse abinsa ya koma. Shi ya sa aka ja mata layi biyu, ruwa ya tsaya a tsakaninsu, saman kuwa a bar shi fanko. Ta Baba cike take har wuya. Ruwan da ya taso bai tarar da wuri ba, dole ya zube ƙasa.

"Ɗiyata, motar lafiya lau take. Wa ke cika ta haka?"

Na ce Baba ne mana, kullum da safe. Ya goge hannu da tsumma. Ya ce motocinsu na da ba su da gora, cika su ake har baki, amma Illo, wato Baba, shi ne da kansa ya fara nuna masa layukan nan lokacin da irin waɗannan suka shigo Yamai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na gaya wa Baba ya daina cikawa. Ya ce to. Ni da na zo da dogon bayani, sai na rasa inda zan sa shi.

Talata, 22 ga Afrilu

Na tsaya a bakin taga ina ɗaura kallabi, ina kallonsa. Ya fito da buta, ya buɗe kapo, ya cika gorar har baki, ya rufe. Ya shiga ya sha kununsa. Ya fito, ya sake ɗaukar butar, ya buɗe, ya zuba a kan wadda ta riga ta cika. Ruwa na gangarowa kan takalminsa, shi kuwa ya tsaya yana kallon butar kamar wani ne ya ɗora masa ita a hannu.

Na juya na ga Inna a bayana, ita ma tana kallo. Ta ce, "Tun kafin azumi." Ta koma madafa. Na ji haushinta, na ji tsoro, ban san wanne ya fi ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Zafi ne. Kowa na mantuwa a zafin nan. Ni ma jiya na yanka hannun riga a baibai.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Jiya da azahar wata mata ta kira ni da wayar Baba. Ya ɗauko su daga unguwar Bobiel, suna cikin tafiya ya ce bai ba mota ruwa ba, ya tsaya a gefen hanya. Ba gorar ya buɗe ba. Bushon ɗin radiyatar ya murɗa, inji na tafasa. Baba, wanda ke doke hannun duk wanda ya kai kusa da marfin nan da zafi.

Daga yatsu zuwa gwiwar hannun dama ya saɓule. Allah ya tsare fuskar. Likitar da ta wanke masa ta tambaye shi ina za shi da abin ya faru. Ya ce garin Tawa, da lodin albasa, kuma yana sauri. Hanyar da ya bari tun ina goye. Ta ja ni waje ta ce ƙunar za ta warke, amma kada ya sake riƙe sitiyari, akwai ransa, akwai na mutane.

Na yi kuka a bayan asibitin, kusa da masu sayar da lemo.

Juma'a, 2 ga Mayu

Inna ta ce ni ce babba, ni zan karɓi makullin. Na durƙusa a gabansa bayan masallaci, na ce Baba, motar nan. Ya dube ni. "Mi na yi, Ramlatu?" Na tashi ban karɓi makullin ba.

Baba Mijinyawa ne ya fid da ni. Ya zo dubiya ya ce, "Illo, ka ba Huzaifa ɗan ƙanenka ya riƙa ja maka ita har hannun ya warke. Magidanci ne, ga shi ba aiki." Baba ya zaro makullin daga aljihu da hagu. Ya ce har hannun ya warke fa, a ji da kyau. Kowa ya ce e. Ni ban ce ba. Na tsani ƙarya, na kuma gaya wa Baba Mijinyawa haka a ƙofar gida. Ya ce to in koma in faɗa masa gaskiyar. Ban koma ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Kullum da safe Baba na fitowa ya ba mota ruwa da hagu. Huzaifa ya riƙe masa kapo, ya ce sannu Baba. Idan muka bar Baba a gida muka sha kwanar makaranta sai Huzaifa ya tsaya, ya sa tiyo ya zuƙe ruwan har ya sauko tsakanin layukan, sannan mu wuce Wadata. Ƙofar shagona a bushe take yanzu.

Da la'asar na kwance masa hannun. Sabuwar fata ta rufe ko'ina, ja-ja, tun ranar Alhamis ma likita ta ce a bar shi ya sha iska. Ya dunƙule yatsun ya buɗe, ya ce, "Ya kika gani?"

Na ce da saura, Baba. Na ɗauko sabon bandeji. Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo hannun.