Takalmin Ranar Baƙi

Laraba da dare, Largo, Amurka

Na dawo daga aiki a asibiti ƙafafuna na zogi, na tarar Yaya Salisu ya turo hoto daga ƙauyenmu na bayan Kumasi. Ga Rabi 'yarsa cikin kayan makaranta, da takalmin da na saya mata a nan unguwar Wheaton bara. Har na fara murna, sai na lura takalmin fes yake, kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ina takalmin da ya sha hanyar makaranta da damina zai zama haka?

Na kira shi. Ashe masu yaƙi da sa yara aiki ne suka zo duba gonakin koko, shi ne kowa ya ɓoye adda, aka jera yara a aji. Har dariya yake yi! Wai, "Ke Asabe, zaman Amurka ya sa kin manta. Wa zai taya ni fasa koko? Farashin da ake saye a wurinmu bai isa ɗaukar lebura ba."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, shekararta tara!" Ya kashe waya.

Haushinsa nake ji, da na baƙin nan da suka ƙirga kawuna suka koma mota. Ba wanda ya ce Rabi ta buɗe tafin hannunta. Na san abin da za su gani, don nawa har yau da tabon adda.

Shagon asibitinmu cike yake da cakulan, alewar da ake yi da koko, takardarsa da hoton yara 'yan makaranta suna murmushi. Gobe ƙafafunsu zan duba.